Akwatin Katako ko Kogon Bishiya: Ina Tsuntsu Ya Fi Samun Aminci?

Duk wanda ya taɓa ganin ɗan tsuntsun da iska ta kakkaɓo daga sheƙa yana kwance a gindin bishiya, ko ya ga maciji ya hau reshe yana haɗiye ƙwai ɗaya bayan ɗaya alhali uwar tana kewaya shi da kuka, zai iya yanke hukuncin cewa bishiya ba wurin aminci ba ce ga tsuntsu. Daga irin wannan tausayi ne mutane da yawa suke ɗaukar katako da ƙusa su haɗa ɗan akwati mai rufi da ƙaramar ƙofa, su rataye shi, suna ganin sun ba tsuntsu abin da ya fi wanda yake samu a dawa. Niyyar tana da kyau, kuma a wasu lokuta aikin yana biyan buƙata sosai. Amma ra'ayina, bayan na daɗe ina bibiyar abin da masu nazarin tsuntsaye suka gano, shi ne cewa akwati yana maye gurbin abu guda ne kawai daga cikin abubuwan da bishiya take bayarwa, wato rami, kuma amincin da ke cikinsa ya rataya ne kacokan a wuyan mutumin da ya kafa shi. Idan mutumin ya yi sakaci, akwatin yana iya zama tarko.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne cewa mafi yawan tsuntsayen duniya ba za su shiga akwati ba ko da an yi shi da zinariya. Kurciya tana jera 'yan tsinke ne a reshe ta yi kwanci a sarari, kabare yana saƙa sheƙarsa da ciyawa ya rataye ta a ƙarshen reshe, shamuwa tana tara ƙirare a saman bishiya ko rufin gini, wasu kuma a ƙasa suke ƙwai cikin ciyawa ko tsakuwa. Waɗanda akwati yake yi wa amfani su ne masu sheƙa a cikin rami, irin su makwakkwafi da aku da cilakowa da mujiya da wasu agwagin daji. Wani ƙidaya da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa nau'o'in tsuntsaye 1,878 ne suke sheƙa a kogon bishiya, wato kimanin kashi 18 cikin 100 na dukkan nau'o'in da ake da su. Saboda haka sauran kashi mafi rinjaye abin da suke nema shi ne reshe da ganye mai duhu da ƙaya da ciyayi, kuma babu kafintan da zai iya ƙera musu waɗannan.

To amma ga masu sheƙa a rami, babu shakka rami ya fi sarari tsaro. Tun a 1957 wata masaniyar tsuntsaye Ba'amurkiya mai suna Margaret Morse Nice ta tattara sakamakon bincike masu yawa, ta gano cewa a sheƙunan da ke sarari kimanin kashi 46 cikin 100 na ƙwai ne suke kaiwa ga tsuntsun da ya tashi, alhali a cikin rami adadin ya kai kashi 66. Dalilin a bayyane yake: rami ƙofa ɗaya gare shi, ruwan sama ba ya dukan 'ya'ya kai tsaye, kuma hankaka ko shaho da ke shawagi a sama ba ya hango abin da ke ciki. Cilakowa ta kai wannan dabara matuƙa. Idan macen ta sami kogon da ya yi mata, sai ta shiga ta liƙe bakinsa da laka da kashinta har sai ya rage 'yar tsaga wadda baki kaɗai ke iya ratsawa. A ciki take zubar da gashin fikafikanta da na jela, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, namijin kuma yana ta zirga-zirga da fara da ƙadangaru ƙanana da 'ya'yan itace yana miƙa mata ta tsagar. Wanda ya tsaya kusa da irin wannan bishiya zai ga ƙarshen baki kawai yana leƙowa ya karɓi abinci ya koma, kuma zai ga ana feso kashi waje ta wannan tsaga domin kada ciki ya ƙazantu. Sai 'ya'yan sun yi girma sannan uwar ta fasa bangon ta fito.

Matsalar ita ce irin wannan kogo ba ya samuwa da sauri. Hanya biyu ce yake samuwa. Ta farko ita ce makwakkwafi da 'yan'uwansa su sassaƙa shi da baki, su yi amfani da shi shekara ɗaya ko biyu, su bar shi ga waɗanda ba su iya sassaƙa ba. Ta biyu kuma ita ce reshe ya karye, ruwa ya shiga ta wurin raunin, ruɓa da gara su ci cikin itacen a hankali har sarari ya buɗe. A Arewacin Amurka yawancin ramukan da tsuntsaye ke amfani da su aikin makwakkwafi ne, amma a sauran nahiyoyi ruɓa ce ta fi samar da su, kuma aikin ruɓa na shekaru ne masu yawa. A Ostiraliya, inda babu makwakkwafi ko ɗaya, bishiyar turare takan wuce shekara 100 kafin ta yi kogon da ƙaramin tsuntsu zai shiga, kuma kogon da zai ɗauki babban aku ko mujiya yakan buƙaci shekara 200 ko fiye. Ke nan idan aka sare tsohuwar bishiya aka dasa sababbi goma a madadinta, tsuntsun da ke sheƙa a rami ya yi asarar gida har tsawon rayuwar jikokin wanda ya yi dashen.

Wannan giɓi ne ya haifar da akwatin sheƙa. Ana danganta farkonsa a Ingila ga Charles Waterton, wanda ya kafa wa tsuntsaye matsuguni a gidan gonarsa da ke Yorkshire a farkon ƙarni na 19. A ƙarshen wannan ƙarni kuma wani Bajamushe mai suna Hans von Berlepsch ya yi ta tsaga ramukan makwakkwafi yana auna su, sannan ya sa aka riƙa rarake gungume a kwaikwayi siffarsu daidai. Abin lura shi ne cewa akwati ya bunƙasa ne a ƙasashen da aka riga aka mayar da dazuka gonakin katako, inda ake sare bishiya tun tana da ƙuruciya kuma ake kwashe duk wadda ta bushe. Daga baya masana suka rungume shi domin yana sauƙaƙa musu aiki, tunda akwati ana iya ɗaga murfinsa a ƙirga ƙwai, kogon da ke can saman bishiya kuwa ba a iya yi masa haka. A dajin Wytham da ke kusa da Oxford an fara irin wannan nazari a 1947 a ƙarƙashin David Lack, kuma har yau ana ci gaba da shi da akwatuna sama da 1,000. Yawancin abin da aka sani game da ƙananan tsuntsayen rami daga akwati aka samo shi, kuma wannan ya sa aka daɗe ana ɗaukar rayuwar cikin akwati a matsayin rayuwar tsuntsu ta asali.

Ba na cikin masu raina akwati, domin ya ceci tsuntsaye da dama. A Amurka akwai wani shuɗin tsuntsu da ya yi ƙaranci ƙwarai a tsakiyar ƙarni na 20, saboda an kawar da tsofaffin bishiyoyi da turakun shinge na katako, sannan baƙin tsuntsaye biyu da aka kawo daga Turai suka ƙwace sauran ramukan: gwara, wadda aka saka a Brooklyn a shekarun 1850, da wata shaya da aka saka a New York a 1890. Mafitar da aka samu ita ce a yi ƙofar akwati da faɗin milimita 38, wanda shuɗin tsuntsun ke iya ratsawa amma shayar ba ta iyawa. A 1978 Lawrence Zeleny ya kafa ƙungiyar masu kula da wannan tsuntsu, dubban mutane suka jera akwatuna a gefen gonaki suna duba su, kuma adadinsa ya farfaɗo. Akwai kuma wata babbar tsattsewa a gabashin Duwatsun Rocky wadda yanzu kusan ba ta sheƙa a ko'ina sai a gidajen da mutane suka rataya mata, al'amarin da ya samo asali tun daga 'yan asalin nahiyar da suke rataya mata ƙoƙuna. A Isra'ila tun shekarun 1980 manoma suke kafa wa farar mujiya akwatuna a gonaki domin ta cinye musu ɓeraye maimakon zuba guba, daga baya shirin ya ƙetara zuwa Jordan da yankunan Falasɗinawa.

A duk waɗannan misalai ƙarfin akwati ɗaya ne, wato mutum yana iya zaɓen girman ƙofa da wurin kafawa. A Birtaniya ana ba da shawarar ƙofa mai milimita 25 ga mafi ƙanƙantar tsuntsayen rami, 32 ga gwara, 45 ga shaya, kuma bambancin 'yan milimita kaɗan shi ke raba wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje. Haka nan ana iya ɗora akwati a kan bututun ƙarfe mai santsi a sa masa faifan kwano mai siffar mazurari a ƙasa, ta yadda maciji ko kyanwa ko kurege ba za su iya hawa ba. Bishiya ba ta da wannan kariya, domin ɓawonta tsani ne ga duk mai farce ko mai jan ciki. Idan aka haɗa waɗannan dabaru, akwati yakan fitar da 'ya'ya fiye da kogon bishiya a kakar kwanci guda, kuma an sha ganin haka a bincike daban-daban.

Inda akwati yake faɗuwa warwas shi ne wajen zafi, kuma a nan nake ganin masu shi sun fi yin sakaci. Kogon bishiya mai rai yana kewaye da itace mai kauri wanda ruwa ke gudana a cikinsa daga saiwa zuwa ganye, ga inuwar ganyen kanta a sama. Saboda haka yakan yi jinkirin ɗaukar zafi da rana, ya yi jinkirin sakinsa da dare, yanayin ciki ya zauna kusan daidai. Akwatin da aka yi da siririn falanki kuwa tamkar ɗakin kwano ne da tsakar rana idan aka kwatanta shi da ɗakin ƙasa mai kaurin bango: rana na dukansa sai ciki ya fi waje zafi, dare na yi sai ya huce gaba ɗaya. Ƙwan tsuntsu yana buƙatar ɗumi na kimanin digiri 37 zuwa 38 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan ya daɗe a sama da 40 ɗan da ke ciki yakan mutu. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe ba su da gumi, haki kawai suke yi, kuma ba su da ruwan sha sai wanda ke cikin abincin da iyaye suka kawo. A garin Matera na kudancin Italiya, inda ake kafa wa wani ƙaramin shaho akwatuna a kan rufin gidaje, masu bincike sun yi wa wasu akwatunan inuwa suka bar wasu a rana lokacin tsananin zafin 2021 da 2022, kuma 'ya'yan da ke akwatunan rana sun mutu da yawa fiye da na inuwa nesa ba kusa ba. Tsuntsu yana zaɓen akwati ne a farkon kakar kwanci lokacin da yanayi ke da sauƙi, ba shi da hanyar sanin abin da zai faru bayan wata guda, don haka alhakin hangen nesan yana kan wanda ya buga ƙusar.

Sai kuma batun maƙiya, wanda ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Ramukan bishiya a warwatse suke, kowanne da siffarsa da tsayinsa, wasu a ɓoye a bayan ganye, wasu babu kowa a ciki, don haka mafarauci yakan ɓata lokaci mai yawa kafin ya dace. Akwatuna kuwa kamarsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, sau da yawa a jere suke a kan layi, kuma dabba ba ta da wuyar gane cewa wannan abu mai kusurwa huɗu abinci ne a ciki. A dajin Wytham wata ƙaramar dabba mai siririn jiki, mai kama da tunku, ta taɓa addabar akwatunan har sai da aka sauya su da na siminti haɗe da garin katako aka rataye su nesa da jikin bishiya. A Turai babban makwakkwafi mai ɗige-ɗige yakan fasa bangon akwatin katako ya zaro 'ya'yan da ke ciki. A Norway an lura cewa akwatin mujiyar da aka taɓa yi wa ɓarna yakan sake fuskantar ɓarna a shekara mai zuwa, domin dabbar da ta yi ɓarnar tana tuna wurin, kuma da aka sauya wa akwatunan wuri sai asarar ta ragu. Wato tsuntsun da ya bar kogo ya shiga akwatin da ba shi da kariya, an gudu ne ba a tsira ba.

Ko tsakanin tsuntsayen kansu akwati yana iya haddasa fitina. A Amurka akwai wata agwagwar daji mai kwanci a kogon itace wadda aka fara kafa wa akwatuna a shekarun 1930. Domin sauƙin kula, sai aka riƙa jera akwatunan kusa da juna a kan ruwa, a inda kowa ke gani. Sakamakon shi ne matan agwagin suka riƙa bin juna suna zuba ƙwai a akwati guda, har a sami ƙwai 30 ko fiye a inda 10 zuwa 15 ya kamata a samu, uwa ɗaya ta kasa rufe su, yawancinsu su lalace. Da aka koma ɓoye akwatunan ɗai-ɗai a cikin kurmi, kamar yadda ramukan asali suke, sai matsalar ta yi sauƙi.

Wanda ya fi kowa jan hankalin masana a kan wannan bambanci shi ne Tomasz Wesołowski, masanin ƙasar Poland da ya shafe shekaru masu yawa yana hawan bishiyoyi a dajin Białowieża, ɗaya daga cikin 'yan ragowar dazukan Turai da gatari bai cinye ba. A can ya tarar da cewa ramuka sun fi tsuntsaye yawa, babu wani ƙarancin gida, kuma abin da ya fi kashe sheƙa shi ne maƙiya. Ya kuma tarar da cewa ƙuma, wadda ke cika akwatuna, ba ta da yawa a ramukan asali. Dalilin shi ne kogon bishiya yana da danshi da ƙananan halittu masu cinye tsohuwar sheƙa, ta yadda kafin shekara ta zagayo yawanci ta ruɓe ta ɓace. Busasshen akwati kuwa yana adana komai. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin akwati bayan 'ya'ya sun tashi ya san abin da nake nufi: sheƙar ta danne ta zama dunƙule guda, ta cakuɗe da busasshen kashi da farin garin da ke zuba daga sabon gashi, wani lokaci da ƙwai ɗaya da bai ƙyanƙyashe ba a binne a ƙasa, kuma da zarar an taɓa ta sai a ga ƙuma suna tsalle a bayan hannu. Idan ba a kwashe wannan ba, a kansa za a gina sheƙar baɗi, ƙwarin su sami sababbin 'ya'yan da za su tsotsa, sheƙar kuma ta ƙara tashi sama kusa da ƙofa inda hannun kyanwa ke iya kaiwa. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa danshin kogo yana da nasa sharrin, domin a shekarar da ruwa ya yi yawa wasu ramukan kan cika su jiƙa sheƙa har 'ya'ya su mutu, abin da akwati mai kyakkyawan rufi da hujin tsiyayar ruwa yake kaucewa.

Ba zan ɓoye ƙyamar da nake yi wa akwatunan ƙawa da ake sayarwa domin adon lambu ba. Ana yi musu fenti mai ƙyalli, a manna musu ɗan sanda a ƙarƙashin ƙofa, wasu ma a yi su da kwano ko roba, kuma a liƙe su ta yadda ba a iya buɗewa. Tsuntsun rami ba ya buƙatar wannan sanda, domin da farcensa yake kama bakin ƙofa, wanda sandar ke yi wa amfani shi ne hankaka ko wani ɓarawon ƙwai da ke neman wurin tsayawa. An yi irin waɗannan ne domin idon mai saye.

Akwai kuma abin da ko mafi kyawun akwati ba ya bayarwa, wato abinci. Kusan duk ƙananan tsuntsaye, har da waɗanda manyansu ke cin tsaba, da tsutsa da ƙwari suke renon 'ya'yansu, kuma yawan da ake buƙata yana da ban mamaki. Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware, ya ƙiyasta cewa wani ɗan ƙaramin tsuntsun rami na gabashin Amurka yana buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin ya yaye 'ya'yan sheƙa guda. Waɗannan tsutsotsi a jikin ganyen bishiya suke, musamman bishiyoyin asalin yankin waɗanda ƙwarin wurin suka saba ci. Idan aka kafa akwati a filin da babu komai sai siminti da ciyawar da ake fesa wa magani, tsuntsu zai iya shiga ya yi ƙwai domin ya ga rami, amma iyayen za su yi ta dogon zango suna neman abinci, 'ya'yan su tashi a rame ko su mutu a ciki. Bishiyar ce kuma take ba ɗan da ya fito a ranar farko reshen da zai sauka da ganyen da zai ɓuya, a kwanakin da bai iya tashi sosai ba, waɗanda suna cikin mafi hatsari a rayuwarsa.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne yadda akwati ya zama hujjar sare bishiya. An kai matsayin da mai gina hanya ko unguwa zai tumɓuke tsofaffin bishiyoyi, ya rataya akwatuna a wani wuri, a rubuta cewa ya biya diyya. An gwada wannan a jihar New South Wales ta Ostiraliya lokacin faɗaɗa babbar hanyar Hume, inda aka kafa akwatuna 587 domin maye gurbin ramukan da aka rasa. David Lindenmayer da abokan aikinsa sun bibiyi akwatunan na tsawon shekaru, suka wallafa sakamakon a 2017, kuma abin da suka gano shi ne nau'o'in da aka yi aikin dominsu, ciki har da wani aku da ke fuskantar barazana, kusan ba su shiga ba. Waɗanda suka mamaye akwatunan su ne halittun da dama ba su rasa gida ba, har da ƙudan zuma da ɓeraye, wasu akwatunan kuma suka lalace ko suka faɗo cikin 'yan shekaru. Akwatin katako yakan yi shekara goma ko makamancin haka idan ana kula da shi, alhali bishiyar da za ta maye gurbin wadda aka sare tana buƙatar ƙarni guda. Domin diyyar ta zama gaskiya, dole a sami wanda zai yi ta sauya akwatin har tsawon wannan ƙarnin, kuma da wuya a ga kwangilar da ta tanadi haka.

Masu aikin ceto da suka fi samun nasara su ne waɗanda suka mayar da ramin cikin bishiyar kanta. A kudu maso gabashin Amurka akwai wani makwakkwafi da ba ya sassaƙa raminsa sai a bishiya mai rai mai yawan ƙaro, aikin da kan ɗauke shi shekaru, kuma yakan tsattsaga ɓawon da ke kewaye da ƙofar domin ƙaron ya yi ta tsiyaya ya hana maciji hawa. A 1989 guguwar Hugo ta karya kimanin kashi 87 cikin 100 na bishiyoyin da ke da irin waɗannan ramuka a dajin Francis Marion na jihar South Carolina. Maimakon rataya akwatuna, sai ma'aikatan daji suka riƙa huda ramuka a jikin bishiyoyin da suka tsira, ko su yanke gurbi su cusa ɗan akwati a ciki su liƙe, tsuntsayen suka karɓa, adadinsu ya dawo. A Ostiraliya ma yanzu ana sassaƙa kogo da injin zarto a jikin bishiya mai rai, kuma awo ya nuna cewa yanayin zafin cikinsa ya fi kusa da na kogon asali fiye da na akwati.

Ga mai gida ko mai gona, mataki na farko shi ne ya dubi bishiyoyin da yake da su kafin ya nemi kafinta. Bishiyar da ta tsufa ta yi kogo, ko wadda ta bushe tana tsaye, ita ce mutane suka fi saurin sarewa domin suna ganin ta gama amfani, alhali a wurin tsuntsun rami lokacin ne amfaninta ya fara. Gaskiya ne busasshiyar bishiya a kusa da ɗaki ko hanya hatsari ce, kuma ba zan ce a bar ta ta faɗo wa mutane ba. Amma sau da yawa ana iya sare rassan sama masu nauyi a bar gangar jikin a tsaye da tsayin da ko ta faɗi ba za ta kai ga komai ba. Idan kuma sassabe ya zama dole, a jinkirta shi har lokacin kwanci ya wuce, a kuma tsaya a kalli ramin na ɗan lokaci da safe, domin sheƙar da ke da 'ya'ya ba ta ɓuya: iyaye za su yi ta shige da fice da abinci a baki.

Inda babu tsohuwar bishiya ko kaɗan, kamar sabuwar unguwa ko sabon dashe, a nan akwati ya dace, da sharaɗin mai shi ya fara sanin tsuntsun da yake yi wa, domin shi zai nuna girman ƙofa da zurfin ciki. A yi shi da katako mai kauri, aƙalla milimita 15 kuma gwamma ya fi haka, wanda ba a jiƙa da maganin gara ba, a bar cikinsa da kaushi domin 'ya'ya su sami abin kamawa lokacin fita. Rufin ya zarce ƙofa, a yi 'yan huji a ƙasa domin ruwa da wasu a sama domin iska, a sa gefe guda ya riƙa buɗewa. A kafa shi inda inuwa ke rufe shi da tsakar rana da la'asar, ƙofar ta kauce wa inda iska ke koro ruwan sama, ya ɗan sunkuya gaba kaɗan, kuma ya yi nesa da katanga ko reshen da kyanwa za ta iya dirowa daga kai. Kada a jera da yawa wuri guda sai ga tsuntsayen da dama a taro suke sheƙa. Lokacin kwanci a rage leƙe, musamman idan 'ya'ya sun kusa tashi, domin firgita kan sa su faɗo tun ba su ƙosa ba. Bayan an tabbatar sun tashi kuma babu zuwa na biyu, a kwashe tsohuwar sheƙa, a zuba tafasasshen ruwa a ciki maimakon maganin ƙwari, a bar shi ya bushe sarai, a duba ƙusoshi da igiyar da ta riƙe shi. Akwatin da aka ga maƙiyi ya fasa, ko wanda 'ya'ya suka mutu a ciki saboda zafi, a sauya masa wuri kafin kaka mai zuwa, idan kuma babu wurin da ya fi, a sauke shi.